Ƙullin Kaba a Hannun Dije

To, kun ce an ɗauke ku aikin zagaya makarantun firamare, an ba ku babur da lasifika, za ku riƙa tara yara da safe kuna yi musu bayanin wanke hannu. Madalla, Allah ya sa albarka. Amma na ji abin da mai jar hular nan ya faɗa lokacin da kuke cire takalma, wai ai surutu ne kawai, kowa ma ya iya. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗana, ɗayan yana nan da ransa. Matso kusa. Da ba don gwiwar nan ta ci amanata ba, a tsaye zan ba ku labarin nan, don ni duk rayuwata ban iya magana a zaune ba.

Tun Turawa ba su tafi ba na shiga aikin nan a Dutsin-Ma, ko gemu ban fara ba. Maigidana Malam Barau ne, Allah ya jiƙansa. Shi ba malamin aji ba ne, ba kuma duba-gari ba. Mutum ne mai baki, wanda in ya buɗe shi a kasuwa mai tsire kan manta nama ya ƙone. Shi ne En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta ɗauke shi ya riƙa bin makarantun elementare yana tara yara a fili bayan fareti, yana koya musu abin da ba ya cikin littafi: tsabtar ruwa, lambar rigakafin agana, korar ƙuda daga abinci. Ban san sunan da aka ba aikin a ofis ba. Yara dai Mai Akwati suke ce masa, ni kuma Ɗan Akwati, har ranar da ya ajiye na gaji sunan. Yau Kutawa, gobe Kurfi, jibi ƙauyukan Barkiya, a kan keke, a hanyar da rabinta yashi ne sai ka sauka ka tura.

Akwatin na katako ne, ana ɗaure shi a bayan keke da robar taya. A ciki akwai kwalaye masu hotuna da wani mai fenti ya zana mana, da madubin ƙara girma, da farin ƙyalle na tace ruwa, da kwalabe biyu. Ɗaya mukan cika ta da ruwan tafkin garin da muka je, ba na wani gari ba, don in ka kawo na wani gari za su ce ai nasu mai kyau ne. Ɗayar kuma kurkunu ne a ciki, a naɗe a jikin tsinke. Ku ba ku san kurkunu ba, ku gode Allah. Tsutsa ce doguwa kamar zare, daga ruwan tafki ake shan ta, ta fito wa mutum a ƙafa, ta kwantar da ƙato daidai lokacin shuka. Za ka ɗaga kwalbar ruwan a rana, ka kara madubi, yaro ya leƙa ya ga 'yan ƙwari suna tsalle a cikin abin da ya sha da safe. Sannan ka tace da ƙyalle a gabansa, ya sake leƙawa. Kwalbar kurkunun nan ta fi ni daraja a wurin Malam Barau. Ranar da na faɗi da keke a gangaren Kutawa, kwalbar ya fara dubawa kafin ya tambayi haƙorina.

A Kutawa ɗin ne kuma na fara tsayawa gaban yara ni kaɗai. Na daɗe ina ɗaukar akwati, na haddace duk maganarsa har da inda yake tari, ina ganin ai in aka ba ni fili sai na fi shi. Rannan ya ce maƙogwaronsa na ciwo, in je in yi. Ƙarya yake, lafiyarsa lau. Na gyara riga, na ɗaga murya, na ce yara ku sani ruwan tafki yana da cuta. Ban rufe baki ba wata akuya ta ratsa bayan fili da bunsuru a bayanta. Shi ke nan, duk ƙeya aka juyo mini. Na ƙara murya, suka ƙara dariya. Na koma farko na sake, rana ta ɗaga, na baya suka fara dambe, wani ƙarami a gaba ya saki fitsari. Hedimasta ya zaro bulala zai taimake ni, Malam Barau ya riƙe masa hannu ya ce a bar ni in sha miyar da na kaɗa. Wallahi ranar da ƙasa za ta tsage da na shige.

A hanyar komawa muna tura keke ya wanke ni tas. Ya ce da farko na tsayar da yara suna kallon hanya, ni na ba rana baya ina jin daɗi, su tana dukan idonsu. Mai wannan aiki shi ke fuskantar rana, yara su ba ta baya, gabansu kuma kada a bar komai sai kai da bango. Ya ce yaro da ido yake sauraro, in hannunka ba komai to kunnensa ma ba komai. Ya ce kuma wane mahaukaci ne ke fara magana da darasi? Magani a cikin fura ake dama shi. Daga nan ya koya mini tatsuniyar da muke aiki da ita, ta Gizo da ya raina matarsa don tana tace ruwa, ya kafa kai a tafki ya sha, kurkunu ya fito masa a ƙafafu takwas ranar da aka yi ruwan shuka. In na kwanta a ƙasa ina ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ina kukan Gizo da tsamin bakinsa, har malamai sai sun riƙe ciki.

Hedimastoci kuwa na ga iri-iri. Akwai wanda zai tsaya kusa da kai yana maimaita duk abin da ka faɗa da Turanci, ya kashe maka wasa. Akwai wanda yana ganinka zai ce ka yi ta yi har azahar, ya sulale gona. Amma ba su ne masu cinikinmu na gaskiya ba. Masu cinikinmu su ne tsofaffin matan da ke laɓewa bayan zanar makaranta suna leƙe. Yaro zai kai magana gida, amma randa a hannun kakarsa take. In tsohuwa ta ce a tace, an tace. In ta ce shirmen boko ne, ka yi asarar iskar tayarka.

Su ne kuma suka tayar da maganar da ta kusa kashe aikin tun yana jariri. Kowa ya sani ba a tatsuniya da rana. Haka muka taso muka ji: wanda ya yi ta da rana, ko ya zauna ya saurara, ɓata zai yi, ya fita gida ya kasa gane hanya. Ga shi mu kuma da hantsi muke tara 'ya'yan mutane muna ga ta nan ga ta nanku. Maganin abin, kamar yadda kakanni suka bari, shi ne a ɗaure Gizo kafin a fara. Wasu gashin ido suke tsigewa, mu kaba muke samu mu ƙulla, a ce an ɗaure Gizo, a ajiye. Malam Barau sai ya mai da abin kayan aiki. Yakan ɗaga kabar sama yadda tsofaffin bayan zana za su gani, ya ƙulla, sannan ya danƙa wa yaro ɗaya ya riƙe. Ba kowane yaro ba. Ko dai wanda ya fi kowa ƙiriniya, don in hannunsa na da aiki bakinsa zai huta, ko kuma wanda ya fi kowa tsoro, don ya ji shi ma wani ne. In an kai ƙurunƙus yaron ya kawo, a kwance a gaban kowa, a tafa masa. Na yi haka a makarantu ban san iyaka ba, lafiya lau.

Shekarar da ta zame mini baƙa, bayan samun mulkin kai ne da kaɗan, Malam Barau ya riga ya ajiye. Ruwa ya yi jinkiri, mutane sun gyara gonaki sun zuba wa sama ido. Na je wata 'yar makaranta mai ɗaki biyu a wani ƙauye gaba da Barkiya, hedimastanta Malam Sule, mutumin kirki mai fama da iyaye kullum a kan su bar yara su zo. A cikin yaran akwai wata Dije, ba ta fi shekara bakwai ba, ɗiyar wani Bafulatani mai suna Buba da ke da shanu da 'yar gona a bayan gari. Sai da dagaci ya yi ta bin sa kafin ya ba da ita. Ina fito da kwalbar kurkunu na ga yarinyar nan idonta ya kawo ruwa, tana neman hanyar gudu. Na ce yawwa, ga mai riƙon Gizo. Na ƙulla kaba, na durƙusa, na sa mata a tafin hannu na naɗe yatsun.

Na ce, “Riƙe mini Gizo da hannun dama, 'yata. Kada ki buɗe sai kin ji na ce ƙurunƙus. In ya kuɓuce, duk 'yan makarantar nan sun ɓata, ke kika ɓatar da su.”

Haka nake faɗa wa kowa. Yara suka yi dariya kamar kullum. Ita ba ta yi ba, ta dai ƙanƙame hannun a ƙirji.

Ina kwance a ƙasa, na kai ƙafar Gizo ta biyar ko ta shida, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin ka ce kwabo iska ta taso ta kwashi kwalayena ta watsa cikin gonar mutane. Ruwan farko ke nan bayan dogon jira. Iyaye suka fito suna ƙwala wa yara kira a zo a ɗauki iri, fili ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ni kuma tsakanina da Kurfi akwai rafin da in ya kawo sai ka kwana biyu kana kallon tsallake, ga shi washegari da safe ana jirana a makarantar can. Na bi kwalaye na tsince, na ɗaure akwati, na ɗaga wa Malam Sule hannu, na taka keke cikin yayyafi. Na haye rafin ruwa iya idon sawu, ina ta yi wa kaina barka. Kaba kuwa ko a raina.

Washegari ranar kasuwar Kurfi ce. Na jera yara sun ba rana baya, ina cika kwalba, sai ga Malam Sule ya shigo fili, taɓo har gwiwa, ba hula. Bayansa wani dogon mutum da sanda a kafaɗa, riga jiƙe sharkaf. Mutumin bai yi mini sallama ba.

Ya ce, “Kai ne mai tatsuniya da rana?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “Wata yarinya ta gidanmu ba ta kwana gida ba.”

Buba ke nan. Dije ce ɗiyarsa ta fari, Bafulatani kuwa ba ya kama sunan ɗan fari, ko da cikinsa na ci da wuta. Malam Sule ne ya ba ni sauran. An ɗauka tana gona, a gona an ɗauka tana gida, sai da aka tashi daga shuka aka ga babu ita. An tsinci kallabinta a bakin rafi, rafin kuma ya cika ya batse. Mazan ƙauye suna can suna bin gaɓa da gora suna caccakar ruwa. Tsofaffi kuma sun ce dama sun faɗa. Su biyun da ƙyar suka hayo da sassafe, suna riƙe da sanda ɗaya.

Raina ya ɓaci, na ce haba Malam, a gaban kowa na ɗaure Gizo, kai ma shaida ne. Malam Sule ya dube ni ya ce ya gani, amma a hannun wa na sa shi, kuma wa ya kwance? Ya ce sun ga 'yan sawu ƙanana a kan jiƙaƙƙen yashi, suna bin layin tayar kekena tiryan-tiryan har bakin ruwa. Yarinya ba ɓata ta yi ba. Ni ta biyo, ta kawo mini Gizona.

Na bar akwati a buɗe a fili, abin da ban taɓa yi ba, muka zuba cikin kasuwa. Na ce in dai wani ya haye da ita kafin ruwa ya kawo, to 'yan kasuwa ne. Muka samu mai shela na ce ya bi layi-layi. Ban iya jiransa ba, na shige gabansa ina yi da kaina, da muryar nan da nake wasa da ita. Muka bi masu nono, suka ce ba su gani ba. Muka shiga kara wurin dillalan shanu, muka fito, muka bi 'yan tukwane, muka koma masu nono don na manta mun riga mun je. Buba na biye da ni, ni kuwa da ya rafka mini sandar nan da na fi jin sauƙi. Duk yarinyar da na hango sai na sha gabanta ina duba hannunta, har wata mata ta zage ni.

A rumfar hatsi wani ɗan kasuwa mai suna Malam Audu ya tsayar da awo ya ce mu dakata. Ya ce jiya yana dawowa daga ƙauye da jakunansa ya iske wata 'yar Fulani a bakin rafi ta sa ƙafa a ruwa, ruwan kuwa ya fara ja. Ya tambaye ta gidansu ta nuna tsallake, sai ya ɗora ta kan buhu suka haye, yana zaton 'yar Kurfi ce. Da suka iso ta ƙi faɗin sunanta, ta ƙi faɗin na ubanta, ba abin da take cewa sai Mai Akwati. Shi kuma bawan Allah ba ɗansa a boko, bai san ni ba, sai ya kai ta wurin kafinta mai yin akwatunan aure. Kafinta ya ce bai taɓa ganinta ba. Yanzu tana gidansa shi Malam Audun, wurin matarsa Hajo, yana shirin kai ta gidan hakimi in kasuwa ta lafa.

Aka fito mana da ita zaure. Hajo ta tsaya daga bayan ƙofa tana ba mu labari, ta ce yarinyar nan ta ba ta tsoro. An ba ta tuwo ta ƙi, don hannun dama a dunƙule yake, ita kuma ba ta yarda ta ci da hagu ba. Sai fura aka ɗura mata da ludayi. Sun so su buɗe hannun su ga ko ƙaya ce, ta gantsara wa Hajo cizo. Ta ƙi kwanciya, a zaune ta kwana ta danne hannun da ɗayan, in gyangyaɗi ya ɗauke ta sai ta zabura. Har turare suka yi mata, suna zaton iska ce.

Dije ta ga ubanta ba ta ruga wurinsa ba. Ni ta nufo, idanu sun yi ja, ta miƙo dunƙulallen hannu. Na durƙusa na ce kawo, 'yata, an gama, ƙurunƙus. Ta janye hannun.

Ta ce, “Ba ta ƙare ba. Gizo na nan kwance da kurkunu.”

Jama'a, na yi wasa gaban ɗaruruwan yara, na yi gaban hakimai, ban taɓa yin wasa mai wuya irin na ranar ba. Na kwanta a ƙasan zauren Malam Audu, cikin ƙaiƙayi, uban yarinya na tsaye a kaina da sanda, na ɗaga ƙafa na ci gaba daga inda iska ta tsayar da ni. Na yi kukan Gizo, ba wanda ya yi dariya. Na kai inda maƙwabta suka yi shuka suka bar shi, na kai inda ya roƙi matarsa ƙyallen tacewa. Ban tsallake komai ba, don tana kallon bakina. Sannan na ce ƙurunƙus kan kusu.

Hannun ya ƙi buɗuwa. Yatsun sun sandare, sai da Hajo ta kawo ruwan ɗumi aka jiƙa, aka ɓamɓare su ɗaya-ɗaya. Kabar ta yanke ta a tafi, ta yi baƙi da gumi da jini. Na kwance ƙullin a gabanta. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya ɓata a cikin 'yan makarantarsu, na ce babu ko ɗaya, duk suna gida. Sai a lokacin ta fashe da kuka. Buba ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa, ya yi wa Malam Audu godiya, ya fita.

Labari kuwa ya riga mu isa ƙauyuka, kuma ba yadda ya faru ya tafi ba. Cewa aka yi tatsuniyar Mai Akwati na ɓatar da yara, har da masu cewa ruwa ya ci uku. Duk daminar nan na yi ta taka keke daga wannan makaranta zuwa waccan ina iske fili wayam, an ji zan zo an tura yara gona. Wasu hedimastocin suka aiko kada in zo sai ƙura ta lafa. Ban iya zaman gida ba, sai in ɗaure akwati in fita ko ba inda ake jirana, in bi zaurukan dagatai ina bayani, in tsuguna gaban tsofaffi ina rantsuwa. Kurkunu kuma bai jira kowa ba, ya kwantar da mutane a shekarar kamar kullum. Sai bayan kaka abin ya fara sauƙi, yara suka dawo da kaɗan-kaɗan, har 'yan makarantar Malam Sule. Dije ce kawai ba ta dawo ba.

Ita ce ta hana ni sukuni. Malam Sule ya ce a duk ajin ba wanda ya kai ta kama karatu, abu ɗaya ake faɗa mata ya zauna. Na yi ta zarya zuwa rugar Buba, in je a ce ya tafi kiwo, in koma a ce yana kasuwa. Rannan dai na ritsa shi a gindin wata tsamiya. Ya shimfiɗa mini buzu, ya sa aka kawo nono. Na yi magana, na yi magana, duk wata dabara da Malam Barau ya koya mini na zazzage ta. Na ce wasa ne, kowane yaro ya san wasa ne. Na ce ai ga ta nan lafiya, Allah ya tsare. Na ce yarinya mai kai irin wannan asara ce a bar ta a bayan maruƙa. Ina hango ta can nesa tana kora su da tsumagiya. Ya bar ni har na gaji don kaina.

Sannan ya ce, “Malam, ban riƙe ka da komai ba. Amma yarinyar nan, duk abin da babba ya faɗa mata riƙewa take. Ba ni barin ta inda manya ke faɗin magana su hau keke su tafi.”

Na shanye nonon, na yi masa sallama, na tura kekena har bakin hanya kafin na hau.